Sashen Koke da Bincike na Hukumar SEC: Abin da Yake Iya Yi wa Mai Hannun Jari a Sakkwato

Masu hannun jari a Sakkwato sun fi yadda ake zato yawa. Akwai tsoffin ma'aikatan da suka sayi na kamfanin simintin Kalambaina tun yana CCNN, wanda ya rikiɗe ya zama na BUA Cement bayan haɗewar da ta kai ga sa sabon kamfanin a kasuwa a Janairun 2020. Akwai 'yan kasuwar da suka cika fom a bankuna lokacin rububin sayar da hannun jari na 2007, suka ninke takardun suka jefa a akwati. Akwai masu hannun jarin bankin Jaiz, da masu Sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na gwamnatin tarayya tun na farko a 2017, da kuma matasan da ke saye da sayarwa ta manhajar waya. Duk waɗannan, ranar da abu ya ɓaci, ƙofa ɗaya ce a ƙarshe: Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari ta Ƙasa, wato SEC, mai hedikwata a Abuja. An kafa ta a 1979, Dokta Emomotimi Agama ke shugabantarta tun 2024, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ita ce wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris ɗin 2025, ta maye gurbin ta 2007.

Ra'ayinmu kan sashenta na koke da bincike ba ɓoyayye ba ne. Idan wanda ya cuce ka yana da rajista da hukumar, sashen yana aiki, ko da yake da nawa, kuma takardunka ne za su yi maka magana. Idan ba shi da rajista, hukumar na iya rufe ofishinsa ta kuma sa a kama shi, amma kuɗinka wata magana ce daban. Yawancin ɓacin ran da mutane ke yi da SEC daga cakuɗa waɗannan biyun ya samo asali.

Kuskuren farko shi ne nufar hukumar kai tsaye. Tun 2015 akwai ƙa'idar karɓar koke a kasuwar, kuma hawa-hawa take. Kana farawa ne da wanda kake ƙorafi a kansa: dillalin hannun jari, ko rajistara mai riƙe da kundin sunayen masu hannun jarin kamfani, ko manajan asusun zuba jari. Idan ta imel ka aika, kwana 2 na aiki gare shi ya shaida maka ya gani. Idan wasiƙar hannu ce, kwana 5. Yana da kwana 10 na aiki ya warware matsalar. In ya kasa, maganar ta haura zuwa wanda ke sa masa ido. Ga dillali, sashen sa ido na kasuwar hannun jari ta Legas ne, NGX RegCo, su kuma suna da kwana 20 na aiki. Sai bayan nan SEC. Wanda ya tsallake matakin farko sau da yawa amsar da zai samu ita ce ya koma ya fara daga tushe, ya yi asarar makonni a banza. Tsarin na da ma'ana, domin rigingimu da dama ba zamba ba ce, kuskuren kundi ne. Aibinsa shi ne kamfanin da bai da niyyar gyara yakan cinye kwanakinsa goma da shiru. Saboda haka ranar da ka aika koke ita kanta hujja ce. Ajiye kwafin imel ɗin. In wasiƙa ce, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ko ka riƙe rasiɗin kamfanin aika saƙo.

Akwai kuma koken da ƙa'idar ta ce ba za a saurara ba, kuma gara mutum ya sani kafin ya ɓata tawada: zargin da babu takarda ko ɗaya a bayansa, ƙorafin cewa farashi ya faɗi, ƙorafin cewa an rasa mai saye, da rigimar da ta taso daga yarjejeniya ta bayan fage tsakaninka da wani. Wannan na ƙarshe ya fi cin mutanenmu. Alhaji ya ba wani ma'aikacin kamfanin dillanci kuɗi a hannu, ko ya tura asusun ma'aikacin na kansa, bisa alƙawarin baki cewa zai juya masa. Ranar da aka je neman haƙƙi, kamfanin zai ce kuɗin bai taɓa shiga littafinsa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Inda sashen ya fi burge mu shi ne binciken sayar da hannun jarin mutum ba da izininsa ba, don haka bari mu tsaya a nan sosai. A ce wani malamin makaranta da ya yi ritaya a Runjin Sambo yana da hannun jari guda 50,000 na wani banki. Shekara biyu bai ga ribar da ake rabawa ba. Ya nemi bayanin asusunsa daga CSCS, kamfanin da ke ajiyar hannayen jari ta kwamfuta tun 1997, sai ya ga 5,000 kawai suka rage, an sayar da 45,000 a rana ɗaya. Mai bincike ba ya farawa da tambayar wa ke faɗin gaskiya. Yana ɗaukar lambar asusun malam ta CSCS da lambarsa ta CHN, wato lambar shaidarsa a wurin CSCS, ya ciro tarihin asusun, inda ranar cinikin da farashinsa da kamfanin dillancin da ya shigar da odar suke a rubuce. Daga nan sai a rubuta wa dillali ya kawo abu uku: takardar umarnin sayarwa mai sa hannun malam, takardar cinikin da ya kamata a ba shi bayan sayarwa, da shaidar inda kuɗin suka tafi. A kwatanta sa hannun da wanda ke kan fom ɗin buɗe asusu da wanda rajistara ke riƙe da shi. A duba lambar wayar da aka tura wa saƙon sanarwar ciniki. Nan ne asiri ke yawan tonuwa, domin mai son yin wannan aika-aika yakan fara canja lambar waya da imel a fayil ɗin abokin ciniki 'yan makonni kafin ya sayar, don kada saƙon ya isa ga mai shi. Takardar neman canjin ma akwai kwanan wata a kanta, akwai ma'aikacin da ya amince da ita. Sai kuma kuɗin: asusun bankin da ya karɓe su yana da suna, yana da BVN. Idan ba na malam ba ne, dillali ba shi da ta cewa.

Irin wannan shari'ar ba ta buƙatar malam ya iya Turanci mai yawa ko ya san wani babba. Kasuwar ce ke rubuta kowane motsi da kanta. Abin da ke kashe ta shi ne abin da malam ya yi da hannunsa tun da farko: sa hannu a fom ɗin umarni da ba a cika ba saboda yarda, ko ba wa ɗan wa lambar sirrin manhaja. Da zarar dillali ya fito da takarda mai sa hannu na gaske, nauyin ya dawo kan mai koke. Akwai tsarin da ake biyan kuɗin ciniki kai tsaye daga CSCS zuwa asusun bankin mai hannun jari, ba tare da sun bi ta hannun dillali ba. Duk wanda bai cika fom ɗinsa ba ya bar ƙofa a buɗe.

Wani kaso mai yawa na abin da mutane ke kira sata kuwa matsalar suna ce. A kundin rajistara an rubuta Muhammadu, a BVN Mohammed, a katin ɗan ƙasa an ƙara sunan gari. Wasu a 2007 sun sayi hannun jari da sunaye biyu ko uku, sun juya na uba da na kaka, don su samu kaso mai yawa. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ba ne, sai riba ta maƙale. Ga magada abin ya fi wuya, domin rabon gado a gida ko a gaban alƙali bai wadatar da rajistara ba. Zai nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, da shaidar mutuwa, da tabbacin banki. Wannan ba aikin masu bincike ba ne, kuma dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara 6 ba a karɓa ba a mayar da ita wani asusun amana na gwamnati, ko da yake mai ita na iya nema daga baya.

Ɗaya ɓangaren binciken ba daga koken kowa yake farawa ba. Kasuwar Legas tana amfani da manhajar sa ido ta SMARTS, ta kamfanin Nasdaq, tun 2017. Ita ke lura da duk oda, ta ɗaga tuta idan wani abu ya saɓa wa al'ada: hannun jarin da ya yi wata shida yana barci sai ga shi yana cin iyakar kashi 10 cikin 100 da aka yarda farashi ya motsa a yini, kwana huɗu a jere, ba tare da wani labari ba, ko asusu biyu da ke ta sayar wa juna abu ɗaya don a ga kamar ana rububinsa, ko manyan ododi da ake sawa a janye kafin a cika su. Tutar ba hukunci ba ce. Ma'aikaci zai duba ko akwai dalili na fili, a tambayi kamfanin ko yana da wani bayani da bai fitar ba. In babu, sai a nemi sunayen masu asusun daga dillalai.

Cinikin 'yan ciki, wato wanda ya san sirrin kamfani ya saya ko ya sayar kafin jama'a su sani, da jadawalin lokaci ake kama shi. Yaushe aka fara maganar a cikin kamfanin, su wa suka zauna a taron, wane lauya da wane akanta suka ga takardun, yaushe aka sanar. A jera wannan gefe guda, a jera ciniki ɗaya gefen. Daraktoci da manyan ma'aikata an hana su taɓa hannun jarin kamfaninsu a lokacin da ake haɗa sakamakon kuɗi, har sai awa 24 bayan an fitar da shi, don haka mai wayo ba ya saye da sunansa. Yana bi ta mata, ko suruki, ko wani kamfani da direbansa ke darakta a takarda. Haɗa wannan zaren shi ne aiki mafi wuya, kuma a nan ne hukumar ta daɗe tana ɗingishi. Dokar 2025 ta ba ta ikon neman bayanan waya da na intanet daga kamfanonin sadarwa, abin da takwarorinta a Amurka da Ingila suka daɗe suna dogara da shi. Iko ne babba, amma sabo ne, kuma amfaninsa sai an ga shari'o'in da zai haifar.

Ikonta na asali ba kaɗan ba ne. Tana iya shiga ofishin duk mai rajista ta duba littattafansa, ta gayyaci mutum ya zo ya yi bayani, ta naɗa kamfanin akantoci ya yi binciken ƙwaƙwaf, ta dakatar da cinikin wani hannun jari, ta cire shugabannin kamfanin dillanci ta sa na riƙo, ta kuma je kotu ta nemi a ƙulle asusun banki. Idan an gama tattara hujja, ana rubuta wa wanda ake zargi ya kare kansa. Manyan batutuwa na zuwa gaban kwamitin sauraron ƙararraki na hukumar, APC (ba jam'iyyar ba, sunan ne ya zo ɗaya), inda kowa ke zuwa da lauyansa da shaidunsa. Hukuncin da ke fitowa daga can shi ne tara, dakatarwa, soke rajista, haramta wa mutum harkar kasuwar na wasu shekaru ko har abada, da umarnin mayar wa mutane kuɗinsu. Ɗauri ba ya cikin ikonta. In akwai laifin da ya kai ga gidan yari, sai a miƙa wa 'yan sanda, ko EFCC, ko ofishin Antoni Janar. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da kotu ta musamman ta harkokin zuba jari, IST, wadda doka ta ce ta gama shari'a cikin wata 3 daga fara sauraro, daga ita kuma sai Kotun Ɗaukaka Ƙara.

A takarda ke nan. A aikace, lokaci ne babban raunin sashen, musamman idan wanda ake bincike yana da kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi. Kumbura lissafin Cadbury Nigeria ya bayyana a 2006, hukuncin hukumar ya fito a 2008. An dakatar da rukunin kamfanonin zuba jari na BGL a 2015 bayan koke-koken masu zuba jari, a 2016 aka haramta wa shugabansa harkar kasuwar na shekara 20. Wannan ma ya yi sauri. Na kamfanin mai na Oando ne ya fi nuna yadda abin ke ja. An shigar da koke a 2017, ciki har da na Alhaji Ɗahiru Mangal. A Oktoban shekarar aka daskare farashin hannun jarin, aka ba kamfanin akantoci na Deloitte binciken ƙwaƙwaf. A ranar 31 ga Mayu, 2019 hukumar ta sanar da hukunci, har da hana shugaban kamfanin da mataimakinsa zama daraktoci na shekara 5. Kotun tarayya ta dakatar da aiwatarwa cikin 'yan kwanaki. Aka yi ta shari'a har Yulin 2021, sannan aka yi sulhu ba tare da kamfanin ya amsa ko ya musanta laifi ba. Shekara huɗu, kuma a wani ɓangare na lokacin ko babban taron shekara ba a yi ba. Ƙaramin mai hannun jari da ke Mabera ba shi ya kai ƙara ba, ba shi aka kai ba, amma shi ma ya sha zaman jira. Ba duka laifin hukumar ba ne, tunda kowa na da 'yancin zuwa kotu. Sai dai yawan shirun da take yi a tsakiyar bincike, ba tare da gaya wa mai koke matakin da aka kai ba, wannan nata ne, kuma gyaransa ba ya buƙatar sabuwar doka.

Sannan umarnin a biya ka daban, biyan daban. Idan dillalin yana raye yana son lasisinsa, zai sayo maka hannun jarinka ya mayar, har da ribar da ka rasa in an yi umarni da haka. Idan ya durƙushe, sai asusun kare masu zuba jari. Na kasuwar Legas an daɗe da sanin iyakarsa a naira 400,000 ga mutum ɗaya. Na hukumar kanta, wanda aka ƙaddamar a 2015 da naira biliyan 5, iyakarsa a lokacin naira 200,000 ce. Ga wanda ya rasa miliyan goma wannan jaje ne kawai. Kuma duka biyun na waɗanda suka yi hulɗa da masu rajista ne.

Wannan ya kawo mu ga masu alƙawarin ninka kuɗi, waɗanda su suka fi yi wa Arewa ɓarna. MMM ta tsaya cak a Disambar 2016. A 2019 hukumar ta rufe ofishin Dantata Success and Profitable Company a Kano saboda karɓar kuɗin jama'a ba rajista. CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, hukumar ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Sabuwar doka ta tsananta: tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, kuma ta shigar da kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar hukumar. To amma dubi yadda binciken yake a nan. Babu CSCS, babu takardar ciniki, babu littafin da doka ta tilasta a ajiye. Akwai dai rukunin WhatsApp, da rasiɗin tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, da alƙaluman da ke hawa a fuskar manhaja waɗanda ba su wakiltar komai. Kuɗin sababbin shiga ne aka biya tsofaffi da su, sauran kuma an mayar da su kirifto sun ƙetare iyaka. Mutane ba sa kai ƙara muddin ana biyansu, wasu ma faɗa suke da duk wanda ya yi gargaɗi. Ranar da koke ya isa hukuma, an riga an yi ihu bayan hari. Abin da ya rage a asusun da aka ƙulle shi za a raba, bayan kotu ta gama, in akwai.

Dabarar da ta fi yaudarar mutane a nan ita ce takarda a firam. Za a nuna maka satifiket ɗin CAC, a nuna na SCUML, a ƙara da cewa harkar halal ce, noma ne ko kiwo ko cinikin zinare, har a kawo wani mai rawani wurin buɗe ofis. CAC tana nufin an yi wa kamfani rajistar suna ne kawai. SCUML ta shafi yaƙi da halasta kuɗin haram. Babu ɗaya a cikinsu da ke ba da izinin karɓar jarin jama'a. A shafin hukumar, sec.gov.ng, akwai wurin da ake rubuta sunan kamfani a ga ko yana da rajista, da kuma irin aikin da aka yi masa rajistar. Wannan na biyun ma a duba shi, domin mai lasisin ba da shawara ba shi da hurumin riƙe kuɗinka. A ganinmu wannan ɗan akwatin bincike shi ne abu mafi amfani da hukumar ke bayarwa kyauta, kuma mafi ƙarancin masu amfani da shi.

Ga mutumin Sakkwato akwai ƙarin nauyin nisa. Hukumar ba ta da ofis a nan. Mafi kusa shi ne na Kano, tafiyar kusan yini ta Gusau, a hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Dillalai da rajistarori kusan duk a Legas suke. Fom da wasiƙu duk da Turanci ne, kuma dattijon da ya sayi hannun jari da kuɗin sallamarsa ba lallai yana da imel ba. EFCC tana da ofishin shiyya a Sakkwato, shi ya sa mutane ke rugawa can da komai. Ga damfarar masu ninka kuɗi hakan daidai ne, a kuma sanar da SEC a lokaci guda. Ga rigimar rajistara ko ribar da ta maƙale kuwa ɓata lokaci ne.

Ba sai an yi tafiyar ba, in an rubuta koken da kyau. Shafi ɗaya ya isa: cikakken suna kamar yadda yake a asusun CSCS, lambar CHN, sunan kamfanin da ake ƙorafi a kansa, abin da ya faru bi da bi da kwanan wata, yawan hannun jari ko adadin kuɗi, da abin da ake so a yi, a mayar da guda 45,000 ne ko a biya ribar shekara biyu. A haɗa da bayanin asusun CSCS, rasiɗin biyan kuɗi, tsohon satifiket in akwai, da kwafin wasiƙar farko da aka aika wa kamfanin mai nuna cewa kwana 10 sun wuce. Kwafi ake aikawa, takardun asali su zauna a gida. A sa lambar wayar da ke hannun mai koken kansa, ba ta mai shagon kwamfutar da ya buga masa wasiƙar ba, domin a kanta za a kira idan ana neman ƙarin bayani.